Splendora, Wadda Ta Ba da Ɗakinta Saboda Ƙyalle Ɗaya

Kafin rana ta gama leƙowa ta bayan duwatsu, Splendora ta riga ta shanye kofinta a tsaye a shagon Quirino, ta goge baki da bayan hannu, ta haye gadar da ke kai mutum cikin kagara. Shekara da shekaru haka take yi, ko ana tsuga ruwa ko dusar ƙanƙara ta rufe gadar. Sarakunan da suka gina kagarar nan don yaƙi suka gina ta, yanzu kuwa a cikinta ake ajiye zane-zane da sassaƙe-sassaƙen lardinmu, ita kuma lokacin da na san ta tana cikin masu tsaron ɗakunan. Da ta shiga sai ta tuɓe takalmin titi ta zura na ƙyalle, wai ƙarar dunduniya tana damun masu kallo. Ta hau bene, ta buɗe tagogi rabi-rabi saboda rana tana cin fenti, ta ɗora hannu a bango ta ji ko damshi ya shigo. Sannan ta bi mutanen ɗakinta ɗaya bayan ɗaya tana yi musu ina kwana. Mutanen itace ne, tsarkaka da mala'iku da aka kwaso daga majami'un ƙauyuka, wani ba hannu, wani ba hanci. Ba ta tsallake kowa.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na ji an ce za a yi mata ɗan taro a ofis, a yanka kek, wani ya karanta abin da ya rubuta a gurguje. Shi ya sa na ce bari ni ma in faɗi nawa, don ni na san abin da ba za a faɗa a wurin kek ba.

Ni ne Panfilo na ƙauyen Pietravalda, wanda bai san ni ba baƙo ne. Ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen da nake rubuta wannan da su a jikin allunan tashar jirgi na tsince su, ga shi kuma kuna karantawa. Yaƙi ya wuce ta kaina ina yaro, ramin haƙar gawayi a Beljiyam ya rufta da ni na fito da ƙafata, girgizar ƙasa ta kifa mini gidana a ka, da aka tono ni hulata na fara tambaya. Amma abin taƙamata ya wuce duk waɗannan. Ni ne mai ɗaukar sandar gaba ta hannun dama a kafaɗa duk ranar da aka fito da Madonnar ƙauyenmu, wato sassaƙar Uwa mai tsarki rungume da Jaririnta, ana zagayawa da ita, tun ina saurayi har kaina ya yi fari. Kantar tana nan a kafaɗata, mai shakka ya zo ya taɓa.

Girgizar nan ce ta tsaga majami'armu gida biyu. Aka ɗauko Uwa, haka muke kiranta, aka kawo ta kagara, aka ɗora ta a kan dakali, aka kewaye ta da jan igiya. Mu kuma aka zuba mu a gidajen katako a gindin dutse.

To, mu ba mu san wani abu gidan kayan tarihi ba. Abin da muka sani Uwa tana birni, kuma mutum ba ya barin uwarsa a baƙon wuri bai je ya dubo ta ba. Ranar wata Lahadi da ake shiga kyauta muka cika mota, mata sun yafa mayafi, maza sun sa rigar coci, wannan da furanni, wancan da kyandir, wata tsohuwa har da cuku a ƙunshe. Muka shiga ɗakin muka durƙusa a tsakar daɓe muka fara waƙa. Baƙi daga Jamus suka bar sassaƙa suka juyo suna ɗaukarmu hoto. Wani mai gadi ya taho da gudu yana ɗaga mana hannu kamar mai korar kaji, yana cewa nan ba coci ba ne. A nan na fara ganin Splendora. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta riƙe hannun rigar mutumin ta ce ya koma ɗakinsa, wannan nata ne. Ta tsaya a bakin ƙofa har muka kai ƙarshen waƙar. Sannan ta bi mu da kwando tana karɓar kyandirori, ta ce wuta da tsohon itace ba sa zama ɗaki ɗaya, amma in ta tashi aiki za ta kunna su a majami'ar da ke gangare da sunan kowa. Ta kuwa tambayi sunan kowa. Furannin ta zuba su a tulu ta ajiye a taga, inda idon Uwa yake kallo. Cukun ne kawai ta ce a mayar gida, Uwa tana azumi.

Tun daga ranar aka sami benci a ɗakin. Ba wanda ya san daga inda ta jawo shi. A kansa tsofaffinmu ke zama su kai wa Uwa ƙarar surukai da ciwon gwiwa, Splendora kuma ta juya baya tana kallon taga kamar kurma. Matar Quirino ta ba ni labarin ranar da rufi ya yi yoyo a kan wani mala'ika, kafin ma'aikata su iso ta tuɓe rigar sanyinta ta lulluɓe shi, ta wuni tana rawar ɗari. Na sha ganinta da idona tana tsugunawa gaban 'yan makaranta tana nuna musu inda wuƙar masassaƙi ta zame, tana ce musu shi ma mutum ne, wataƙila matarsa ce ta kira shi cin abinci. Ke ce, Splendora, kika sa yaran birni suka daina jin tsoron fuskokin nan. Ke ce kika sa mu ƙauyawa muka daina jin kunyar takalmanmu a kan daɓen sarakuna.

Yanzu ga maganar da ta kawo ni.

Matata Elodia zuciyarta ta gaji. Likita ya ce sai an yi mata aiki, kuma ba abin jira ba ne, ya sa mata rana a satin da ke tafe. Ya ja ni gefe ya ce in ranar nan ta wuce, kada mu zo muna tambayarsa. Muka dawo gida, Elodia ta zauna a bakin gado ta ce ba inda za ta sai da awo.

A ƙauyenmu in mace za ta haihu, ko mutum zai shiga hannun likita, mijin ko uban yakan ɗauki siririn ƙyalle shuɗi ya je gaban Uwa. Ya ɗora bakin ƙyallen a kan kambinta, ya sauke shi yana bin jikin itacen har yatsan ƙafa, ya ƙulla a nan. Wannan shi ne awo. A ɗaura wa mai ciwo a ƙugu, ya tafi da tsawon Uwa a jikinsa. Da awo uwar Elodia ta haife ta, da awo ita ma ta haifa mini 'ya'yana, kuma na 'ya'yan duk da hannuna na auno.

Ɗanmu Emidio, mai ilimi, ya ce ai abu mai sauƙi ne, an rubuta tsawon sassaƙar a ɗan allo a gindinta, a sayo ƙyalle a yanka daidai. Elodia ta dube shi ta ce ashe kuɗin makarantarsa a rijiya muka zuba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kira limamin cocinmu ya zo ya ce mata Uwa ba ta buƙatar ƙyalle kafin ta ji addu'a. Ta ce ta yarda, Uwa ba ta buƙata, ita ce ke buƙata. Ta juya fuska bango. Na zauna da matar nan tun muna da haƙoranmu duka, na san in ta juya fuska bango an gama magana. Ko awo, ko ta mutu a gadon nan.

Washegari na sa ƙyalle a aljihu na hau motar safe. Na shiga ɗakin, ba kowa sai Splendora can wajen taga. Na ɗaga ƙafa zan tsallake igiya, ban ji tahowarta ba, takalmin ƙyallen nan nata, sai na ji an damƙe mini wuyan riga ta baya.

"Zi Panfilo, ina zuwa da sassafe?" Haka take kirana, Zi, kamar ni ƙanin babanta ne.

"Wurin uwata."

"Ka sauke ƙafar nan tukuna. In ta wuce igiya ƙararrawa za ta tashi, 'yan sanda su zo su ɗauke ka da hularka."

Na ce mata ni da ƙasa ta haɗiye ta kasa narkarwa, ƙararrawa ce za ta ba ni tsoro? Na ce tun kafin a haife ta nake ɗaukar Uwar nan a kafaɗa. Ta ce ta sani, duk wanda ya taɓa zama a bencin nan ya sani, har mala'ikun sun haddace. Ta jawo ni ta zaunar, ta nuna mini shuɗin mayafin Uwa. Sai a ranar na lura. Fentin ya ɗago, ya yi ɓawo-ɓawo kamar ɓawon albasa, don sanyin da ta sha a majami'a marar rufi kafin a ɗauko ta. Ta ce numfashi mai ƙarfi ma yana iya zubar da shi, balle ƙyalle a hannun mai haƙar gawayi. Ta ce ba za ta bar ni ba.

Na faɗa mata maganganu masu zafi. Na ce sun sace mana uwa sun sa ta a kurkuku, ita ce gandiroba. Ta bar ni har na ƙare, sannan ta tambaye ni wane ne ba lafiya. Na gaya mata. Ta tambayi ranar aikin, na gaya mata. Ta dubi Uwa, ta ce in tafi gida, in dawo ranar Litinin da ake rufe gidan, in wanke hannu, kuma kada in sha komai kafin in zo.

Abin da ya faru tsakanin ranar da Litinin ban sani ba sai daga baya, a bakin Quirino, shi kuma a bakin mai sharar ofis. Splendora ba ta yi abin a ɓoye ba, alhali makullai suna hannunta. Ta hau har ofishin shugabar gidan, wadda suke kira Dottoressa, ta zauna, ita da tun da ta kama aiki ba ta taɓa roƙon ko hutun kwana ɗaya ba. Shugabar ba muguwa ba ce, amanar kayan aka ba ta. Ta ce in aka bar mutum ɗaya, gobe duk ƙauyukan dutse za su sauko da ƙyallayensu. Splendora ta ce wataƙila, amma yau mace ɗaya ce ke kwance. Ta ce ran Litinin mai gyaran fenti tana zuwa duba Uwa, a bar tsohon ya auna a gabanta, da safar hannu, ita kuma za ta tsaya a kansa. Shugabar ta ce in wani abu ya sami fentin fa? Na sama ba za su tambayi tsoho ba, mai ɗakin za su tambaya, kuma ita ba za ta iya kare ta ba. Splendora ta ce ta ji, ta ɗauka.

Ran Litinin na iso kamar ango. Gidan shiru, ba kowa sai mu uku. Mai gyaran fenti ta zura mini farar safar hannu, ta kashe ƙararrawa, ta kwance igiya. Na hau ɗan tsani na tsaya ido da ido da Uwa. Duk shekarun da na yi ina ɗaukarta, a ƙarƙashinta nake, ban taɓa ganin fuskarta kusa haka ba. Ashe yarinya ce ƙarama. Ashe akwai ɗan murmushi a gefen bakinta.

Na zaro ƙyallen daga aljihu. Na miƙa hannun nan da ya riƙe diga a ƙarƙashin ƙasa. Splendora ta hau bayana ta tallafi gwiwar hannuna da tafinta.

"A hankali, Zi. Ba gudu za ta yi ba."

Na ɗora bakin ƙyalle a kambi, muka sauko tare, ita tana riƙe da ni, ta goshi, ta kafaɗa, ta kan hannun da ke rungume da Jaririn, ta ninkin mayafi, har yatsan ƙafa. Na ƙulla. Da na miƙe na ga mai gyaran fenti ta tsuguna tana ɗaukar wani abu daga kan dakali da ɗan hantsaki, ta sa a takarda. Na tambaya mene ne. Splendora ta ce ƙura ce, in yi sauri kada motar rana ta bar ni.

Na isa gida na sami Elodia yadda na bar ta. Na ɗora mata ƙyallen a tafin hannu. Ta juyo, ta bi shi da yatsa tun daga baki har ƙulli, ta kai hanci ta sansana.

"Da hannunka ka auno, tsoho?"

Na ce da hannuna, amma sun sa mini safa.

"Ba komai. Ko a buhu aka sa hannun nan naka Uwa ta san shi, ta sha jijjiga a kansa." Ta ɗaga riga. "Ɗaura mini. Ka ce wa Emidio ya kawo motar."

Aka yi aiki. Ma'aikaciyar asibiti ta so ta kwance ƙyallen, Elodia ta riƙe mata hannu har sai da aka yarda aka mayar da shi idon sawu. Ta farka tana tambayar wa ya ba kaji ruwa. Yau da nake wannan rubutu tana can ɗakin girki tana murza taliya, tana yi mini faɗa wai na cika teburi da takardu.

Da ta sami ƙarfin tafiya, na ce mu je mu gode wa Uwa, mu gode wa mai ɗakinta. Lokacin sanyi ya riga ya shiga. Muka haye gada, muka isa rumfar tikiti da ke cikin zauren ƙofa, inda iska ke ratsawa kamar wuƙa, sai ga Splendora zaune a ciki, ta naɗe wuya da mayafi, hancinta ja. Na ce me take yi a nan. Ta ce canjin iska take yi, bene ya fara damun gwiwarta. Ta leƙo ta dubi Elodia sama da ƙasa, ta ce kai, Zi Panfilo, ashe yarinya ka aura. Suka rungumi juna ta ƙaramar tagar nan kamar sun shekara da sanin juna. Muka hau sama, muka tarar da wani baƙon mutum a kan kujerarta yana danna waya.

Quirino ne ya warware mini, da muka tsaya shan kofi. Abin da aka ɗauka da hantsaki ba ƙura ba ce. Ɓawon shuɗin fentin mayafi ne, bai kai ƙwayar wake ba, ƙyallena ne ya taɓo shi. Mai gyaran fenti ta manna shi a wurinsa, ko da gilashin ƙara girma ba za ka gane ba, ta kuma ce wa Splendora ba sai kowa ya ji ba. Splendora ta ce a'a, ta yi alkawari a ofis. Da ƙafarta ta hau ta faɗa. Magana ta kai sama, aka ce wanda ya bari aka taɓa kaya ba zai ƙara tsaron ɗaki ba. Aka sauko da ita ƙofa. Ɗakin da ta yi rabin rayuwarta a ciki, mutanen itacen da take gaisarwa kowace safiya, sai dai ta ji takun masu hawa wurinsu ta saman kanta.

Na bar kofin na koma rumfar. Na ce zan hau in kifar da teburin shugabar, zan tara Pietravalda kaf mu tare gadar nan, ba su san wane ne Panfilo ba. Ta bar ni na yi ta yi, tana yaga wa wasu baƙi tikiti. Da suka wuce ta ce:

"Zi, fentin ya faɗi ko bai faɗi ba?"

Na ce ya faɗi.

"Wa ke tsaye a wurin?"

Na ce ita ce.

"To ka gani. Ba wanda ya cuce ni. Na san farashin tun kafin in hau bene." Ta nuna Elodia da haɓa, tana can a kan gada tana gyara mayafi. "Je ka riƙe mata hannu, gadar da santsi."

Na cire hulata a gaban rumfar tikiti, na tsaya, har ta ce in matsa ina tare layi.

Ba a mayar da ita ɗakin ba. A ƙofar nan ta ƙarasa shekarunta na aiki, damina da sanyi, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, ban kuma ji wanda ya ji ba. Sabon mai ɗakin ita ta koya masa yadda ake karɓar kyandir a hannun tsohuwa ba tare da an kunyata ta ba.

Splendora, mai tafiya ba a jin taku, ke ce kika san cewa abin da aka ba ki tsaro ba itace ba ne kawai. Kin tsare fentin iyakar ƙarfinki, kin tsare maganarki a gaban na sama, kin kuma tsare mini matata. Na ga jarumai a rami, na ga masu tono da farce bayan girgiza, ni kaina ba baya ba ne, amma ban taɓa ganin wanda ya miƙa abin da ya fi so a duniya saboda matar da bai taɓa gani ba, sannan ya ce gwiwa ce ke damunsa. Na gode. Elodia ta gode. Emidio ma ya gode, ko da yake har yanzu yana cewa likita ne ya yi aikin.

Ku kuma masu riƙe da makullai, a ofis ne ko a asibiti ko a ƙofar wani gida, in tsoho ya zo muku da wata buƙata da ba ta cikin doka, kada ku buɗe masa ta bayan gida, kada kuma ku kore shi. Ku tambaye shi wane ne ba lafiya. In kuna da ƙarfin hali, ku hau bene ku roƙa masa, ku ɗauki abin da ya biyo baya. Wanda kuma ke da hali ya zo kagara kafin wata ya ƙare. Kada ya yi saurin hawa wurin zane-zane. Ya tsaya a zauren ƙofa, wurin iskar nan, ya cire hula, ya gai da matar da ke miƙo masa tikiti.